Rumbun bayanan kasuwa: A ɗauki masani aiki ko a ba kamfani kwangila?

Daga watan Oktoba zuwa ƙarshen shekara, babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Gidan Rumji da Tibiri, ta wuce Maraɗi ta nufi Cadawa da Agye da Gazawa, ba ta rabuwa da motoci da amalanke ɗauke da buhunan gero da wake da gyaɗa da riɗi da aya. Kaya ne na miliyoyin sefa, kuma duk ɗan kasuwa ya san ba duka ake cinikinsu kuɗi hannu ba. Wani manomin an ba shi kuɗi tun da damina a kan zai biya da hatsi, wani ɗan sarin ya ɗauka sai kasuwa ta zagayo, wata kuma ajiya ta kawo. Duk wannan lissafi yana zaune ne a cikin littafi mai bangon kwali, ko kuma a ƙwaƙwalwar dillali da magatakarda.

A 'yan shekarun nan manyan 'yan kasuwa da ƙungiyoyin mata da kwamitocin kasuwanni a gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Rumji sun fara tunanin mayar da littafin nan cikin kwamfuta ko wayar salula. Da zarar an yi maganar kuwa sai a rabu gida biyu. Wasu su ce a nemi yaro masanin kwamfuta a ɗauke shi aiki, ya zauna da mu, ya tsara mana. Wasu su ce a'a, a nemi kamfani mai ofis da hatimi daga Maraɗi ko Yamai ko Kano, a ba shi kwangila ya yi ya gama. Kafin mutum ya cire ko dala daga aljihunsa, yana da kyau ya san abin da zai saya.

Abin da ake kira rumbun bayanai ba wani abin tsoro ba ne. Littafin bashi ne da littafin mangaza da littafin kuɗi aka ɗinke su wuri ɗaya. Akwai shafin mutane, inda kowa ke da lambarsa, akwai shafin kaya, akwai kuma shafin shiga da fita. Idan aka rubuta cewa mai lamba 214 ta ajiye buhu uku na wake, to nan take adadin buhunan mangaza zai ƙaru da uku, shafinta ma ya nuna haka, ba sai an rubuta sau biyu ba. Amfanin lambar kuwa a fili yake, domin a ƙungiya ɗaya ana iya samun Rabi biyar da Hadiza bakwai, kuma rikici da dama a mangaza daga irin wannan yake tasowa. Mai tsara rumbun shi ne ke yanke yadda shafukan za su haɗu da juna, da wanda ke da ikon rubutu, da wanda ke da ikon gogewa. A nan ne kuɗin jama'a ke tsira ko ya salwanta.

Tsara bayanan kasuwa ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Hukumar SIMA ta daɗe tana tattara farashin hatsi a kasuwannin Nijar ana sanarwa a rediyo. Wata mai bincike 'yar Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na ƙasar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da salula ke shigowa, inda ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari a wuraren da waya ta isa. Haka kuma Agye ta ga shirin PPILDA na asusun FIDA daga 2005, sai PASADEM a 2012, sai ProDAF a 2015. A ƙarƙashin waɗannan shirye-shirye ne aka kafa rumbunan tsimi na mata don lokacin ƙarancin abinci, aka ware Cadawa da Gidan Rumji da Tasawa da Sabon Mashi da Jiratawa a matsayin cibiyoyin kasuwanci, aka kuma kafa zauren Haɗin Gwiwa da ke tara 'yan kasuwa da manoma da masu motoci da hukuma. Kasuwar sari da ke da sikeli da ƙofar shiga da rasit dole ta san buhu nawa ya shigo, nawa ya fita, nawa aka karɓa. Da littafi kaɗai, idan harka ta yi girma, magatakarda yakan gaji.

Masu cewa a ɗauki yaro suna da hujja mai ƙarfi. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da ke Maraɗi da sauran makarantu a Yamai da Damagaram da Katsina da Kano suna yaye matasa, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka iya wannan aiki sosai amma suna zaune ba abin yi. Ɗan gari ba sai an yi masa bayanin tiya ba. Ya san ana lissafa tiya 40 a buhun gero, ya san tiyar aya da ta gero ba nauyinsu ɗaya ba, ya san akwai awon saye akwai awon sayarwa. Ya san in Hajiya ta ce jika goma abin da take nufi. Ya kuma san cewa da yawa daga cinikin kan iyaka da naira ake yinsa, don haka dole kowane bashi a rubuta shi da kuɗin da aka yi shi da kuma canjin ranar. Idan mai karatu bai manta ba, a watan Yunin 2023 gwamnatin Nijeriya ta saki naira, dala ɗaya ta Amurka ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 700, kafin watan Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Duk wanda ya ba da aya bashi a Jibiya ko Dawanau da naira, littafinsa bai nuna canjin ranar ba, ya san gardamar da aka sha. Manhajar da aka tsara a Yamai don kantin sayar da magani ba ta san da wannan ba sai an gaya mata.

Bugu da ƙari, yaron yana kusa. In abu ya tsaya ranar kasuwa, kira ɗaya ya hau babur ya zo. In kwamiti ya canza doka, ya ce daga bana kuɗin ajiyar buhu ya ƙaru, da yamma ya gyara.

To amma fa shi kaɗai ne. Wannan ita ce babbar matsalar, kuma masu ɗaukarsa ba su cika tunaninta ba sai ta faru. Wanda ya iya aikin da gaske, ƙungiyoyin agaji da bankuna da kamfanonin waya ma suna nemansa, kuma albashin da za su ba shi ɗan kasuwar Gazawa ba zai iya ba. Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya koma jika 42 daga watan Janairun 2024, amma wannan na lebura ne, masanin da ya san darajar kansa ba zai zauna a kan haka ba. Ranar da ya samu gaba zai tafi, kuma babu wanda zai ga laifinsa. Idan lambar sirri tana kansa, tsarin aikin yana cikin kwamfutarsa, babu takarda ko ɗaya da ta bayyana yadda ya ɗinka shafukan, to ya tafi da mangazar ke nan ko da bai ɗauki buhu ba. Wanda zai gaje shi yakan duba ya ce gara a rushe a sake.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa saboda kunya. Sau da yawa yaron ɗan 'yar'uwa ne ko ɗan aminin Alhaji, an ɗauke shi ne don zumunci. Ba a gwada shi ba, ba a rubuta yarjejeniya ba, kuma in lissafi ya ƙi daidaita babu mai iya tsare shi da tambaya. Iya buga takarda da sa waƙoƙi a memori daban, iya tsara rumbun bayanai daban. Sannan ko ya iya, mutum ɗaya ne ke shigar da lissafi, shi ke gyarawa, shi ke fitar da rahoto. Ko a zamanin littafi ba a yarda mai awo ya zama shi ne mai riƙe kuɗi kuma shi ne mai rubutu ba.

Shi kuwa kamfani, abin da yake sayarwa shi ne cewa ba mutum ɗaya ba ne. In ma'aikaci ya tafi akwai wani. Yana da rajista da lambar haraji, ana sa hannu a takarda, in ya saɓa akwai inda za a kai shi. Galibi kuma ya riga ya yi irin aikin a wani wuri, kurakuran farko an yi su a kan wasu. Akwai ma inda kamfanin ya zama dole. Tun daga 2021 hukumar haraji ta Nijar ta shigo da tsarin rasit mai shaidar hukuma, wanda ake kira SECeF, ga 'yan kasuwar da ke ƙarƙashin harajin TVA, kuma manhajar da za ta fitar da irin wannan rasit sai wadda hukumar ta amince da ita. Ɗan kasuwar da ke sayar wa gwamnati ko manyan ƙungiyoyi hatsi ba zai tsira da abin da yaro ya haɗa a ɗaki ba. Haka nan in ana son a haɗa lissafin da banki ko da asusun kuɗi na waya, su ma da kamfani suka fi yarda su yi magana.

Sai dai kuɗin da kamfani ya faɗa ranar farko ba shi ne kuɗin ba. Bayan kuɗin tsarawa akwai na horo, akwai na kulawa duk shekara, akwai kuɗin hayar wurin ajiya a intanet, wanda sau da yawa da kuɗin Turai ko na Amurka ake biyansa. Duk gyaran da ba ya cikin takardar farko sabon ciniki ne. In ma'aikacinsu zai zo daga Yamai, tafiyar sama da kilomita 600, kuɗin mota da masauki a kan wa? An sha gani, ba a wannan yanki kaɗai ba, wani shiri ya biya kamfani ya tsara wa ƙungiya manhaja mai kyau, a yi biki a ɗauki hoto, shiri ya ƙare, shekara ta zagayo babu mai biyan kuɗin kulawa. Wata safiya a buɗe a ga an rufe. Bayanan membobi suna can a wata na'ura da ba wanda ya san ƙasar da take, kwamfutar kuma ta koma ta kallon fim.

Maganar wuta da intanet ma ba ta wasa ba ce. Wutar da jihar Maraɗi ke samu daga Nijeriya ta layin Katsina zuwa Gazawa take shigowa, kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, aka shafe watanni a haka har cikin 2024. Duk manhajar da ba ta aiki sai da intanet, a irin wannan lokaci ba ta da amfani a Gangara ko Cadakori ko Gidan Sori. Tambayar farko da ya kamata a yi wa yaro ko kamfani ita ce: in babu layi kwana uku, za mu iya awo mu rubuta, daga baya ya haɗe da kansa? In amsar ta zo da kame-kame, a tashi taron.

Kada kuma girman kamfani ya ruɗi kowa. A Ingila, hukumar gidan waya ta ƙasar ta sa wata manhajar lissafi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu, a ƙananan rassanta daga 1999. Masu riƙe da rassan yawancinsu ƙananan 'yan kasuwa ne masu kanti a ƙauye da unguwa. Sai na'ura ta riƙa nuna giɓin kuɗi a asusunsu, su ce ba su ci ba, a ce musu na'ura ba ta ƙarya. Daga 1999 zuwa 2015 an hukunta mutum sama da 900, wasu suka yi zaman kurkuku, wasu suka sayar da gidajensu don cike giɓin da babu shi. Sai a 2019, bayan mutum 555 sun haɗa kai sun shigar da ƙara, kotu ta tabbatar manhajar tana da kurakurai, ta kuma tabbata cewa ma'aikatan kamfanin suna iya taɓa lissafin reshe daga nesa. A 2024 majalisar ƙasar ta yi doka ta musamman ta wanke su. Abin da ya kashe waɗannan bayin Allah shi ne ba su da wani lissafi nasu na kansu da za su ajiye kusa da na na'ura. In haka ta faru a ƙasar da ke da lauyoyi da jaridu birjik, ina ga magatakardar ƙungiyar mata a Tibiri da aka ce kwamfuta ta nuna buhu goma sun ɓace a hannunta?

Abin sha'awa shi ne mutanen wannan yanki sun riga sun san maganin, domin suna aiki da shi a mangaza. A tsarin warantaji, wanda ya shigo Nijar a ƙarshen shekarun 1990 ta hannun wani shirin hukumar FAO, manoma kan tara hatsi da kaka, asusun ba da lamuni ya ba su rance a kan wani kaso na darajarsa, bayan wasu watanni su biya su buɗe lokacin da farashi ya tashi. Ƙofar mangazar kwaɗo biyu ake sa mata, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun masu lamuni, babu mai buɗewa shi kaɗai. Haka nan Mata Masu Dubara, da ƙungiyar CARE ta assasa a jihar Maraɗi a 1991 har tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama, ƙarfinsu shi ne a gaban kowa ake zubi, a gaban kowa ake ƙirga, a faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Matan da yawancinsu ba su yi boko ba sun riƙe lissafi shekara da shekaru a haka.

Rumbun bayanai ma kwaɗo biyu yake buƙata, ko wa ya tsara shi. Babbar lambar sirri ta kasance a hannun mai dukiya ko shugabar ƙungiya, a rubuce a cikin ambulan, mai tsarawa ya yi aiki da tasa lambar da za a iya rufewa. Kada manhajar ta yarda a goge layi. In an yi kuskure a rubuta sabon layi na gyara, da sunan wanda ya yi da rana da lokaci, tsohon ya zauna a gani. Duk wanda ya ajiye ko ya biya a ba shi rasit na takarda ko saƙon waya nan take, wannan shi ne nasa makullin. Duk mako a kwafe bayanan a memori biyu, ɗaya ta kwana a wani gida daban, saboda gobara da ɓarawo da ruwan sama. Duk wata a buga lissafi a takarda a karanta a taro da Hausa. Sannan a rubuta ɓaro-ɓaro a yarjejeniya cewa bayanan na masu dukiya ne, kuma duk ranar da aka rabu za a miƙa su a tsarin da kowace kwamfuta ke buɗewa, kamar Excel, tare da bayanin yadda aka ɗinka shafukan. Yaro ko kamfanin da ya ƙi wannan sharaɗi ya riga ya gaya maka abin da zai yi maka gobe.

A ganina, yawancin masu karanta wannan shafi ba su kai ga buƙatar ko ɗaya daga cikin biyun ba, kuma babu abin kunya a ciki. Mai sayar da ƙuli-ƙuli da mai, ko mai tebur a kasuwar Agye, ko asusun mata talatin, littafi mai layi da biro da rasit sun ishe su. Abin da ya fi yi musu amfani shi ne a ba kowane mai bashi shafinsa, a daina rubutu a bayan kwalin sigari. Littafin da ya rikice, in an zuba shi a kwamfuta rikicin ne zai ƙara sauri. Wanda harkarsa ta ɗan fi haka, akwai manhajojin lissafi da aka riga aka tsara, akwai ma na kyauta na tattara bayanai a waya irin su KoboToolbox da ke aiki ba layi, abin da ake buƙata kawai wanda zai saita ya koyar.

Masu buƙata ta gaskiya su ne tarayyar ƙungiyoyi mai membobi ɗaruruwa, da kwamitin kasuwar sari, da ɗan kasuwar da ke da mangaza a gari uku ko huɗu da yara masu saye a ƙauyuka. Su ma ɗaukar masani na dindindin kowa da nasa ɓarnar kuɗi ce, domin aikin tsarawa na 'yan watanni ne, bayan nan sai kulawa. Abin da ya fi dacewa da aljihun yankin shi ne a yi masa irin na injin niƙa: ƙungiyoyi huɗu ko biyar, ko 'yan kasuwar layi ɗaya, su haɗu su ɗauki ƙwararre ɗaya da yarjejeniya a rubuce, kowa da rumbunsa daban ba mai leƙa na wani, a kuma ɗora masa sharaɗin koyar da mutum biyu a kowace ƙungiya, ɗaya daga ciki mace. Kafin a ɗauke shi a nemi ya nuna aikin da ya taɓa yi, a je a tambayi masu amfani da shi ba a gabansa ba. Kamfani kuma a kira shi a kan abin da sai shi, wato rasit na haraji da haɗawa da banki, ko kuma a biya shi sau ɗaya a shekara ya zo ya binciki aikin yaron, kamar yadda ake kiran mai binciken kuɗi daga waje.

Akwai wata doka da ya kamata shugabannin ƙungiyoyi su sani. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane tun 2017, aka sabunta ta a 2022, aka kuma kafa hukumar HAPDP don kula da ita. Sunayen membobi da lambobin wayarsu da bashin da ake binsu amana ce, ba a miƙa wa wani don talla ko siyasa. A yankin da masu satar mutane ke addabar ƙauyukan kan iyaka ta wajen Gidan Rumji, jerin da ke nuna wa ke da buhu ɗari a ajiye da wa ya karɓi miliyan ba abin da za a bari a wayar kowane yaro ba ne, ko a riƙa turawa ta WhatsApp.

Batun biya kuwa, kada a biya duka ranar da aka kawo kwamfuta. Ranar nan komai yana aiki, domin babu komai a ciki. A raba kuɗin kashi uku: na farko in an sa hannu, na biyu in an shigar da kayan kaka an ba kowa rasit ɗinsa, na ƙarshe sai an buɗe mangaza da bazara. A wannan kakar ta farko a ci gaba da rubuta littafi kamar da, kafaɗa da kafaɗa da na'urar. Ranar buɗewa a fito da buhuna a ƙirga a gaban membobi, magatakarda ta karanta abin da ke littafi, yaron ko wakilin kamfani ya karanta abin da ke kwamfuta. In adadin uku sun zo ɗaya a cika masa kuɗinsa, in sun saɓa ya zauna tare da kwamiti a bi layi-layi har a gano inda bambancin ya shigo.